Sosten Sai An Latsa

Mu mutanen Wida, in kana son ka ga arzikinmu, to ka mutu. Muddin kana numfashi, ko ƙwayar maganin zazzaɓi ka roƙa sai a ce maka kasuwa ta yi sanyi. Amma ranar da ka miƙe ƙafa, sai shanu su fito daga inda ba a taɓa jin kukansu ba, a ɗinka anko, a kafa rumfuna, a ci a sha a yi rawa, har gawar ma ta ji haushin ba a ajiye mata nata kason ba. Wannan shagali shi muke kira ago, kuma a nan ake auna nauyin kowane suruki.

Da Papa Lisiyan ya rasu, ƙanensa Dah Agosu, wanda shi ne shugaban dangi, ya tara surukai, wato mazajen 'ya'yan mamacin mata, a tsakar gida don kowa ya faɗi abin da zai kawo. Dosu mai sayar da tayoyi, mijin babbar 'yar, ya gyara cikinsa ya ce shi saniya ce da 'yan badujala. Mata suka yi guɗa. Sai ido ya koma kan Sosten, mijin Fifame 'yar auta.

Sosten mutum ne siriri mai dogon wuya, wanda bakinsa ya fi aljihunsa nauyi nesa ba kusa ba. Yana da ɗan shago a Kotonu inda yake sayar da caja da murfin waya, amma a ƙofar shagon ya sa an rubuta masa Injiniya da jan fenti. Tun da ya shigo gidan nan ba a taɓa ba shi kujera mai hannu ba. Kullum benci ne, kusa da masu wanke-wanke.

Ya miƙe, ya yi gyaran murya.

"Dah, saniya a ci ta yau, gobe ta zama taki. Ni ilimi zan kawo."

"Ana dafa shi da manja ne ko da man gyaɗa?" in ji Dosu.

"Bari ka ji, yayana. Talabijin zan sa a kowace rumfa. Mai kyamara na ɗauka a tsakiyar fili, kowa na gani daga inda yake zaune. Har ɗakin Maman zan ja kebul. Ba za ta taka ƙasa ba, amma ko tari aka yi a filin nan sai ta gani."

Kowa ya waiga ya dubi ƙofar ɗakin. Maman Ablawa, matar mamacin, tana cikin takaba, ga gwiwoyinta sun daɗe da yi mata tawaye. Kowa ya san ba za ta ga jerin gwanon 'ya'yanta ba, wato lokacin da kowace 'ya za ta shigo fili tana rawa, mijinta a gefenta, danginsa a bayansu ɗauke da kaya a ka. Dah Agosu ya dubi Sosten.

"In ka yi haka, ka yi abin da saniya ba ta yi ba," ya ce. "In ba ka yi ba, saniyar ma ta fi ka."

A hanyar komawa Kotonu, suna wuce rabin hanya Fifame ta jefo masa tambaya.

"Baban Senami, ka iya abin nan kuwa?"

"Ni? Mace, ni da na yi kwas a kansa?"

"Kwas ɗin da ka dawo mana da shinkafa a kwali tun azahar ba ta yi ba?"

"Masu ƙwaƙwalwa ba sa daɗewa a aji."

Ta juyo ta dube shi, kuma babu wasa a idonta. "Tun da na aure ka uwata ke cewa na auri rediyo. Ban taɓa roƙonka zane ko sarƙa ba. Abu ɗaya nake so: ta gan ni na shigo filin ubana ina rawa, mijina a gefena. In ta ga wannan, na yafe maka sauran."

Sosten ya daki ƙirji har sai da ya yi tari.

Maganar kwas kuwa gaskiya ce, sai dai rabinta. Wani kamfani mai sayar da irin akwatunan nan na raba layin intanet, waɗanda ake kira suwic, ya taɓa shirya horon yini guda a wani otal. Sosten ya ji an ce akwai abincin rana, ya shiga. Ya saurari darasin safe da kunne ɗaya, ɗayan kunnen na wajen ƙarar cokula. Da aka ci aka sha, ya ga ai duk abin da malami zai faɗa bayan abinci maimaici ne, ya ɗauki kwalin shinkafa na biyu ya sulale.

Ranar jajibiri ya dira Wida da kaya a bayan wata tsohuwar a-kori-kura: talabijin na haya, duk iri ɗaya, da kebul buhu guda, da suwic ɗin aro mai ƙofofi jere kamar haƙoran kada. Mai hayar ya ba shi rimot guda ɗaya tak, ya ce sauran sun ɓace a wasu makokin.

"Ɗaya ma ya yi yawa," in ji Sosten. "Aikina ba ya bukatar a taɓa shi."

Ya ja kebul ta kan katanga, ta ƙarƙashin tabarmi, ta bayan murhu, har wata mai tuƙa tuwon masara da muke kira amiwo ta harɗe ta kusa faɗawa tukunya. Ya cusa kyamara a akwatin, ya cusa talabijin, sannan don a ga ƙwarewa ya haɗa har da na'urar intanet ɗin gidan, ya ce komai ya bi ta hannunsa. Ya kunna. Hoto ya fito tar a kowace rumfa. Sosten ya ɗaga hannu biyu sama kamar wanda ya ci kokawa.

Bai sauke hannun ba aka fara ihu daga cikin gida. Duk wayar da ke kan intanet ɗin gidan ta sume. Babban ɗan mamacin da ke Faransa yana cikin yi wa uwarsa kuka ta waya, fuskarsa ta narke ta ɓace. Shugabar masu girki ta kasa aika wa mai kifi saƙo. Tanti Hwefa, maƙwabciya wadda ba a taɓa yin sha'ani a unguwar ba tare da ita ba, ko an gayyace ta ko ba a gayyace ta ba, ta fito da ɗankwali a hannu.

"Marigayi ne! Wallahi marigayi ne! Tun yana raye ba ya son talabijin, rediyonsa kawai!"

"Tanti, marigayi bai san intanet ba balle ya kashe shi," in ji Sosten.

"To kai ne ke nan."

Gumi ya karyo masa. Amma Allah da ikonsa, wannan matsalar a darasin safe take, kafin ƙamshin miya ya shigo aji. Ya buɗe kwamfutarsa, ya tara mutane, don shi ko ƙaiƙayi zai sosa sai da 'yan kallo.

"Ku ji nan. Akwatin nan kamar mai rabon tuwon akasa ne marar wayo. An ce ya kai wa masu ci, shi kuwa sai ya bi kowa yana tura masa a baki, har mai barci, har jariri. Hoton kyamara yake ɗura wa kowace ƙofa, shi ya sa intanet ya shaƙe. Yanzu zan sa masa rariya. Zai kasa kunne, talabijin ɗin da ta ce tana so ita kaɗai zai kai wa."

Ya danna, ya danna, ya ciji leɓe, ya danna. Sai ga wayoyi sun farfaɗo, ɗan Faransa ya dawo ya ɗora kukansa daga inda ya tsaya, ga hoto kuma na nan a rumfuna. Har Dah Agosu sai da ya gyaɗa kai.

Da mai hankali ne, da ya zauna ya zuba wa abin ido na ɗan lokaci. Sosten kuwa nan take ya kashe komai, wai kada ido ya yi wa aikin yawa, ya bi unguwa gida-gida yana ba da labarin rariya. Kwamfutar ma ya ba direban a-kori-kura ya mayar masa Kotonu.

"Ba za ka bukace ta gobe ba?" in ji Fifame.

"Kin taɓa ganin likita ya zo biki da almakashi?"

Gari ya waye, Wida ta cika ta batse. Anko shuɗi mai zanen kifi ko'ina ka duba. Sosten ya sa tela ya matse masa nasa har numfashi sai da dabara, ga takalmi mai tsinin baki da ya aro, wanda ya fi ƙafarsa ƙanƙanta. Ya kunna talabijin rumfa-rumfa, ya shiga ɗakin Maman ya kunna tata, ya durƙusa.

"Maman, yau duniya za ta zo ta same ki a kan gado."

"Duniya ta daɗe tana samuna a kan gado," ta ce. "Matsa ka tare min."

Ya fito ya tsaya a tsakiyar fili, hannu a ƙugu, yana karɓar gaisuwa. Ba a gama kwasar kwanon farko ba wani dattijo daga rumfar manya ya ƙwala kira.

"Injiniya! Fada ya daskare!"

Ya duba. Ga fada, malamin coci, a fili yana ta addu'a yana yayyafa ruwa, amma a talabijin ya tsaya cak, ido ɗaya a rufe, hannu a sama kamar mai tsayar da zem, wato ɗan acaɓa. Sosten ya matsa kusa. Ya zaro rimot, ya canza tasha, ya dawo. Fada ya motsa.

"Hutawa ta yi," ya ce da murmushi. "Irin na zamani ne, suna da tausayin kansu."

Bai rufe baki ba rumfar mata ta ɗauka. Ya ruga ya latsa, ta tashi. Ta abokan mamacin ta tsaya. Ya ruga. Kafin ya dawo, ta manya ta sake sumewa. Nan Sosten ya gane abu ɗaya: kowace talabijin in ya latsa ta takan yi aiki gwargwadon a sha kofin koko mai zafi, sannan ta ƙame. Dalili kuwa, ya laluba kansa lungu-lungu bai samu ba. Inda ya kamata dalilin ya zauna, kwalin shinkafa ne a wurin.

"Kai Sosten," ya ce wa kansa yana haki, "uwarka ta haifi baki, ta manta da kai."

Da a ce hoton kan abin kirki yake tsayawa, da da sauƙi. Amma kamar akwatin nan yana da gaba da mutanen Wida. A rumfar mata ya kama Dah Agosu da cinyar kaza rabi a baki rabi a waje, idanu a zare, ya riƙe shi haka har yara suka fara kwaikwayo. A rumfar manya ya kama wani tsohon malamin makaranta, mai wa'azin barin giya, da kwalbar sodabi a tsaye a kan leɓensa. Wani attajiri ya shigo da muƙarrabansa yana ɗaga wa jama'a hannu, ya waiga don ya ga kansa a talabijin, sai ya ga akuya tana cin bawon ayaba. Ya ce sai dai a fita da shi a sake shigowa.

Sosten na gudu. Takalmi ya ci masa dunduniya, ya cire ya riƙe a hannu. Wando ya ce ɓarrr a baya, ya zaro riga ya rufe. Yara suka bi shi a jere suna waƙa, "Latsa, Injiniya, latsa!" Masu badujalar Dosu, da yake 'yan iska ne, suka ɗauki waƙar suka sa mata kiɗa.

"Ƙanena," in ji Dosu da ya zo wucewa, "da ka faɗa min tsere za ka kawo, ai da na sa kyauta."

"Gwaji nake yi, yayana. Ba ka san aikin ba."

"Ni dai saniyata tun da aka yanka ta ba ta nemi a latsa ta ba."

Sai aka kira jerin gwanon babbar 'ya. A daidai lokacin Sosten ya faɗa ɗakin Maman ya latsa tata, don haka tsohuwa ta ga shigowar Dosu da matarsa tun daga kan saniya da aka ɗora a tire har zuwa mai ɗauke da tabarma na ƙarshe, babu ko gezau. Ta share hawaye ta ce, "Allah ya yi wa Dosu albarka." Wato da kebul ɗin Sosten da guminsa da wandonsa aka yi wa Dosu talla.

Yana fitowa ya tarar fili ya kacame. A rumfar dangin mamacin, talabijin ta tsaya a kan Tanti Hwefa, jakarta a buɗe a kan cinya, hannunta ɗauke da tsokar nama ana tsakiyar tafiya. Kowa a ago yana cika jaka, wannan ba sabon abu ba ne, ni ma mai ba ku labari ba a taɓa ganina na je da ƙaramar jaka ba. Amma yi daban, a kafe ka a allo kuma daban. Mata na tafawa, Tanti Hwefa na rantsuwa da kabarin uwarta cewa fitar da naman take yi daga jaka, ba sakawa ba.

Sosten ya ga in bai yi magana ba za a cinye shi ɗanye. Ya sake leƙawa ɗakin Maman ya latsa, ya ruga ya fizge makirufo daga hannun sanƙira. Mai kyamara ya juyo da ita kansa, ya matso da fuskarsa har ta cika allo.

"Jama'a, ku kwantar da hankali! Wannan ba laifin aiki ba ne. Iskar teku ce, gishirinta ke shiga kebul. A Turai ma haka take yi musu. Ni nan da kuke gani, a hannun manyan malamai na koyi aikin nan, a babban otal, har shugabar malaman ta ce ba ta taɓa ganin ɗalibi mai saurin kammalawa kamata ba!"

"Wannan kam gaskiya ne."

Muryar mace ce, daga cikin baƙin Dosu. Wata doguwa mai farin gilashi ta miƙe tana goge hannu da adiko. Sosten ya dube ta, nan take ya gane ta. Madam Sidoni ce, malamar kwas. A Wida kowa ɗan'uwan kowa ne in an yanka saniya.

"Ban taɓa ganin mai saurinsa ba," ta ce, sanƙira kuwa har ya kai mata ɗaya makirufon. "Kowa sai yamma ya gama. Shi ana kwashe kwanuka ya gama. Na tuna ka sarai, ɗan'uwa, don kwalin da ka tafi da shi rabona ne."

Fili ya fashe. Har fada sai da ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

"Madam," in ji Dah Agosu, "bar batun shinkafa. Me ke damun abin?"

"Dah, ya sa rariya, kuma ya yi daidai. Amma akwatin na bukatar a naɗa mai tambaya, wanda zai riƙa kewayawa lokaci-lokaci yana cewa, wa ke nan har yanzu? In ba mai tambaya, talabijin ba ta amsawa. In ba ta amsa ba, akwatin sai ya ɗauka ta tashi ta tafi gida, ya ɗauke mata kwano. Da ya canza tasha ya dawo, kamar sabon baƙo ne ya yi sallama, sai a sake kawo mata, kafin a kuma mantawa da ita. Wannan shi ne darasin farko bayan cin abinci."

Dah Agosu ya juyo a hankali. "Wato ka tara baƙi, ba ka sa mai zagayawa ya ga wanda kwanonsa ya ƙare ba? A gidan wa aka rene ka?"

"Abu ne mai sauƙi," in ji Madam Sidoni. "Layi ɗaya ne. Kawo kwamfutarka in gyara maka yanzu."

Sosten ya waiga ya dubi hanyar Kotonu. Daga can baya muryar Fifame ta taso, a sanyaye, amma kowa ya ji.

"Likita ba ya zuwa biki da almakashi."

Dah Agosu bai jira dariya ta lafa ba. Rana ta karkata, kuma al'ada ba ta jiran injiniya. Ya ɗaga sanda, sanƙira ya kira sunan Fifame 'yar auta da mijinta. Can bakin ƙofa dangin Sosten suka ɗora kaya a ka, makaɗa suka gyara ganguna. Fifame ta ɗaura ɗamara, ta miƙo masa hannu daga nesa.

Nan ne Sosten ya tuna talabijin ɗin Maman. Tun kafin jawabinsa ya latsa ta. Yanzu kam ta daɗe da ƙamewa. In ya shiga rawa, tsohuwa ba za ta gani ba. In ya je ya latsa ya dawo da gudu, zai cimma jerin a tsakiya. Ya yi wa Fifame alama da yatsa, wai yanzu-yanzu, ya juya zai ruga. Sai ya ji hannunsa wayam.

Tanti Hwefa ce ta wafce rimot. Ta jefa shi cikin jakarta, kan naman, ta zuge, ta zauna a kai.

"Tanti, don Allah!"

"Don wa? Ka kafe ni a gaban surukaina kamar tallan sabulu, yanzu ka san Allah?"

"Tanti, ba ni ba ne, akwati ne."

"Akwatin da ƙafarsa ya zo daga Kotonu?"

"Zan ba ki caja kyauta. Zan ba ki murfin waya mai ƙyalli."

"Ka hau can ka faɗa wa duniya fitar da nama nake yi."

Ganguna sun shigo fili. Ta gefen ido yana hango Fifame tana rawa, kai a sama, gefenta wayam, danginsa na biye da ita suna waige-waige. Ya durƙusa a gaban Tanti Hwefa, wando ya ƙarasa abin da ya fara.

"Jama'a!" ya yi ihu ba makirufo. "Fitarwa take yi! Tanti Hwefa daga gida ta zo da namanta!"

Sai da ta sa ya maimaita, sannan ta ɗaga ta zaro masa rimot yana naso da mai. Ya zabura. Ya tsallake tukwane, ya harɗe da kebul ɗinsa na kansa, ya tashi, ya kutsa cikin gida. Yana sa ƙafa a ƙofar ɗakin Maman, ganguna suka yi tsit a waje. An gama.

Tsohuwa na zaune a kan gado, ta jingina da matashi, ta ƙura wa talabijin ido. Allon cike yake da fuskar Sosten: wuya a miƙe, jijiyoyi a tashe, baki a wangame har ana hango dasashi. A nan ta tsaya tun yana tsakiyar iskar teku.

Ya ɗaga rimot zai latsa.

"Kada ka taɓa," in ji Maman Ablawa.

Fifame ta shigo a bayansa, gumi ya jiƙa mata riga, ɗamara a kwance. Ba ta ko dube shi ba. Ta zauna a bakin gado, sai hawayen da ta riƙe a fili suka ɓalle.

"Maman, ba ki gan ni ba."

"Ban gan ki ba, 'yata. Na ji gangunanki, na ce ga tawa nan, na ɗaga ido, sai wannan." Ta nuna allon da haɓa. "Da farko na so in jefe shi da takalmi. Sai na tsaya na duba da kyau. Tun ranar da ya zo neman aurenki nake roƙon Allah ya nuna min bakin nan a buɗe ba abin da ke fitowa. Ubanki ya mutu bai gani ba. Ni na gani."

Dosu da matarsa da sauran mata sun cika ƙofa, kowa na danne dariya. Sosten ya buɗe baki, don har yanzu akwai sauran bayani a cikinsa game da gishiri.

"A'a," in ji tsohuwa. "Ka yi koyi da wancan. Ya fi ka hankali, kuma tun ɗazu yake zaune da ni bai ce zai kawo min duniya ba."

Ya rufe. Ya dubi fuskarsa a allo, ya dubi matarsa tana kuka a kan abu ɗaya tilo da ta taɓa roƙonsa, sai kunya ta kama shi irin wadda ba a sosawa. Dariyar fili duk ba ta yi masa zafin wannan ba.

Maman Ablawa ta dafa kafaɗar Fifame. "Tashi ki ɗaura ɗamararki. Ni ba talabijin na haifa ba. Ku matsar da kujerar nan. Ku kuma da kuka toshe min ƙofa, hannuwanku na ado ne?"

Mata suka fara tafi, babbar yaya ta ɗauki waƙar gidansu. Fifame ta share ido, ta miƙe, ta fara takawa a ɗan filin da ke tsakanin gado da bango. Ta yi juyi ɗaya, ta yi biyu, sannan ta tsaya ta dubi mijinta, ba takalmi, wando a yage, hannu duk man nama. Ya tsaya ƙiƙam kamar fada a allo.

"Wannan fa sai an latsa shi," in ji Dosu daga ƙofa.

Fifame ta sa yatsa ta dangware shi a haƙarƙari. Sosten ya motsa. Ya ajiye rimot a ƙasa, ya matso gefenta, ya shiga rawa, mummunar rawa irin ta mai dogon wuya, bakinsa a rufe gam. Tsohuwa na kallo tana dariya tana hawaye, a bayansu kuma ɗaya Sosten ɗin na nan a allo da baki a hangame, ba wanda ya kula shi.

Har yau in ka je shagonsa a Kotonu za ka ga an goge Injiniya. Da hannunsa ya rubuta sabon sunan da Wida ta raɗa masa, Sai An Latsa, kuma in ka tambaye shi dalili zai ba ka labarin tas, har da wandon. Sai dai in ya fara kaiwa ga iskar teku, Fifame kan ɗago yatsa daga inda take zaune, shi kuma ya yi shiru.